Na je wajen Frankie Manning neman alkafura

Ƙanena, saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce ku takwas ne a ƙungiyarku ta rawa, kuma makon jiya ɗaya daga cikinku ya kawo wani tsohon bidiyo marar kala, inda wasu baƙaƙen fatar Amurka sanye da kayan kuku da na 'yan aikin gida suke wurga juna sama kamar jikinsu ba ƙashi. Tun ranar ba ku da zance sai nasa. Sai wani ya gaya maka na taɓa haɗuwa da mutumin da ya tsara rawar, shi ne kake tambayata abu biyu: wane irin mutum ne, kuma ta ina za ku fara koyon wannan alkafura.

Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Sunan mutumin Frankie Manning. Rawar kuma ana ce mata Lindi Hop, ita ce uwar raye-rayen da ake yi da kiɗan suwin, wato reshen jaz da manyan ƙungiyoyin makaɗa suka yi tashe da shi a Amurka a shekarun 1930 da 1940. Na gan shi ido da ido a watan Yulin 2003 a ƙasar Suwidin, na yi mako guda a ajinsa, na kuma gaisa da shi. Zan amsa maka duka biyun, amma sai ka ara mini haƙuri, domin amsar ta biyu a cikin ta farko take, kuma ni ma irin tambayarka ce ta kai ni wajensa.

Bidiyon da kuka gani guntu ne daga fim ɗin Hellzapoppin' na 1941. Su ma su takwas ne, maza huɗu mata huɗu. Frankie shi ne na ƙarshen fitowa, mai kayan makaniki, abokiyar rawarsa kuma Ann Johnson. Sauran akwai Norma Miller da Billy Ricker, da Al Minns da Willa Mae Ricker, da William Downes da Frances Jones. Ka riƙe sunayen nan, zan dawo kansu. Kayan barori da aka sa musu kuwa ba zaɓinsu ba ne. A wancan zamani masu fim a Amurka ba su cika nuna baƙar fata ba sai a matsayin bara, kuma irin wannan fitowa akan ware ta daga zaren labari domin gidajen silima na kudancin ƙasar su iya yanke ta idan sun ga dama. Duk da haka yau ba wanda yake tuna labarin fim ɗin. Abin da duniya take kallo shi ne wannan ɗan guntun da bai kai minti uku ba.

Ni a Landan na fara ganinsa, a kaset, ina ɗalibi. Abin da ya same ku shi ya same ni. Na samu abokiyar gwaji a wani ajin rawa na yamma, muka riƙa mayar da kaset baya muna kwaikwayo, ba malami, ba katifa, ba mai tsaya mana. Wata rana na ɗaga ta kafin ta shirya, ta sauko a kan hannunta, wuyan hannun ya gurɗe, ta yi makonni ba ta iya riƙe alƙalami. Laifina ne, kuma har yau idan na tuna ƙarar saukarta a kan katako gabana yakan faɗi. Bayan wannan ne wata dattijuwar malama ta ce mini mutumin da ya tsara rawar yana raye, yana koyarwa, in je in ga yadda yake yi kafin in sake ɗaga 'yar kowa.

Herräng, inda na same shi a Suwidin, ƙauye ne a bakin teku, kimanin kilomita 100 arewa da Stockholm, da can garin masu haƙar ƙarfe ne. Tun 1982 ake yin sansanin rawa a can duk bazarar Turai, kuma daga 1989 Frankie ya riƙa zuwa shekara bayan shekara. A watan Yuli dare ba ya yin duhu sosai a wurin, sauro kuma ba a magana. Mutane daga ƙasashe da dama suna kwana a tanti da ajujuwan makaranta, da rana darasi, da dare rawa a zauren jama'ar garin har gari ya waye.

Safiyar farko na shiga aji da tambayoyina a rubuce a takarda, kusan dukkansu a kan ɗagawa da wurgi. Sai ga dattijo ɗan shekara 89 ya shigo, kai a aske, faɗin kafaɗa yana nan, murmushi ya cika masa fuska. Tafiyarsa ta tsofaffi ce, a hankali. Da aka kunna kiɗa sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ƙirjinsa ya yi gaba, ƙugu ya koma baya, kafin ka ce kwabo shekarun sun zube daga jikinsa. Ƙafarsa ba ta rabuwa da ƙasa sosai. Ba ya gaggawa. Amma duk inda mai ganga ya ajiye bugu, a nan tafin ƙafarsa yake sauka, ba ya riga shi, ba ya makara. Na daɗe ina jin ana cewa wane yana cikin kiɗa, ranar na ga abin da ake nufi. Gani ya kori ji.

Mako guda cur, ko sau ɗaya bai koya mana ɗaga kowa ba. Taku ɗaya ya fi nanatawa, wanda suke kira suwin-awut, bugu takwas ne: kuna fuskantar juna riƙe da hannu ɗaya, ku haɗu, ku zaga juna, ka sake ta ta koma inda ta fito. Shi ke nan. Mu da muka zo da zumuɗi muna ganin abin yara ne. Sai ya ɗauko ɗaya daga cikin ɗalibai mata ya yi shi da ita, mu kuma mu dubi namu mu ga kamar ba rawa ɗaya muke yi ba. Bambancin yana idonsa da hannunsa. Tun daga bugun farko har na takwas idonsa yana kanta. Idan ya sake ta sai ya sunkuya kamar mai gaida sarauniya, kuma abin da yake gaya wa maza ke nan a duk inda ya koyar, cewa wadda kake rawa da ita sarauniya ce, ka rusuna mata, waɗannan mintoci uku na waƙa nata ne. Hannunsa kuma ba ya fizga. Yana nuna hanya ne, ya jira ta iso, idan ta ƙara wani ado nata a hanya sai ya yi dariya ya amsa mata da ƙafarsa.

Ba ya son ƙirga da lamba. 'Yan zamaninsa ba da lissafi suka koya ba, sai da ya fara koyarwa a tsufansa ne ɗalibai suka riƙa tambayarsa a kan bugu na nawa ake yin kaza. Abin da ya fi yi shi ne ya rera takun da baki, ya kwaikwayi ƙarar ganga da ƙaho, sai ka ji ƙafarka ta gane abin da kanka bai gane ba. Wannan bai zame mini baƙo ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu ya san ana iya faɗin kiɗa da baki kafin a buga shi, kuma mai rawar kirki da kunne yake taka rawa.

Don ka gane dalilin da ya sa mutumin da duniya ta sani da wurgi ya shafe mako yana koyar da kallon abokiyar rawa, sai ka san inda ya fito. An haife shi ranar 26 ga Mayu 1914 a Jacksonville ta jihar Florida, mahaifiyarsa ta kawo shi unguwar Harlem a birnin Niyok yana ɗan shekara 3. Ita kanta gwanar rawa ce, kuma yakan ba da labarin ranar da ta ce masa ba zai taɓa zama mai rawa ba don jikinsa ya cika sanƙarewa. Maganar ta tsaya masa a rai, ya riƙa kulle kansa a ɗaki yana gwaji da tsintsiya. Ya fara daga ƙananan zaurukan rawa, Alhambra sannan Renaissance, kafin ya ga ya isa shiga babban zauren rawa na Savoy.

Savoy ita ce makarantar. An buɗe ta ranar 12 ga Maris 1926 a titin Lenox, tsawonta ya cinye tun daga layi na 140 zuwa na 141. Dandamalin makaɗa biyu ne, wannan ƙungiya na ajiyewa waccan na ɗauka, kiɗa ba ya yankewa. Daɓen katako ne, kuma saboda yawan taku sai an canza shi duk bayan shekara uku. Abin da ya fi muhimmanci, baƙi da farare suna rawa tare a cikinta, a lokacin da kulob irin Cotton Club, a cikin Harlem ɗin, baƙi ne ke wasa farare ne ke kallo. A Savoy abin da ake tambaya shi ne ko ka iya. Akwai wata kusurwa da gwanaye suke taruwa, kowa ya shigo da sabon takunsa, gobe wani ya sace shi ya ƙara masa gishiri ya dawo da shi. Mutanen nan leburori ne da 'yan aikin gida da masu wanki da guga, sun wuni suna yi wa wani bauta, da dare su sa kayansu mafi kyau su zo wurin da ba mai ce musu yaro. Rawar ta zaman tare ce tun asalinta. Dare bayan dare abin da suke yi shi ne wannan taku mai bugu takwas, da mutum ɗaya bayan wani, har makaɗa su tashi.

Frankie bai ƙirƙiri Lindi ba, kuma bai taɓa cewa shi ya ƙirƙira ba. Akwai magabatansa, irin su George Snowden da ake kira Shorty George, wanda ake danganta wa raɗa sunan rawar a 1928, shekara guda bayan Charles Lindbergh ya tsallaka tekun Atlantika da jirgi shi kaɗai. Su a miƙe suke rawa, kusa da tsayuwar Turawa. Frankie ne ya kwantar da jiki gaba kamar mai shirin tsere, abin da ya ba rawar wannan kamanni na gudu ko da ba a sauri. Shi ne kuma ya fara tsara masu rawa da yawa su yi taku ɗaya a lokaci ɗaya su tsaya cak tare.

Labarin alkafurar farko na ji shi daga bakinsa, a zaman dare da ake yi a zauren Herräng, kuma labari ne da ya sha bayarwa a wurare da yawa. Shorty George gajere ne, abokiyar rawarsa Big Bea doguwa ce, sukan rufe wasansu ta goya shi baya da baya ta fita da shi, jama'a na dariya. Wajen 1935 aka shirya gasa a Savoy tsakanin tsofaffin hannu da matasa. Frankie ya yi tunanin me zai hana a mayar da wannan goyo ya zama taku, mace ta mirgina ta bayan namiji ta sauka a gabansa a kan bugu, rawa ta ci gaba ba tare da ta tsaya ba. Ya gaya wa abokiyar rawarsa Frieda Washington, wadda maƙwabciyarsu ce, ta yarda. Suka shimfiɗa katifa a ƙasa a ɗakinsa suka yi makonni suna faɗuwa suna tashi. Daren gasa su ne na ƙarshe. Chick Webb ne a kan ganga, kuma kamar yadda Frankie yake faɗa, duk takun da ya yi sai Webb ya kama shi da bugu, yadda makaɗin da ya san aikinsa yake bin ƙafar ɗan rawa. Da suka zo ƙarshe Frieda ta mirgina ta sauka daidai kan bugu. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ya ɓarke.

Ka duba abin da ke cikin labarin nan da kyau, don darasinku yana ciki. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana taka rawar ƙasa kafin ya ɗaga kowa. Da mace ɗaya ya gwada, wadda ya tambaya ta amince. A kan katifa suka yi, makonni, saboda taku ɗaya tal. Kuma abin da ya tayar da zauren shi ne saukar da ta zo a kan kiɗa. Shi ya sa bai yarda a kira su ɗagawa ba, takun sama yake ce musu, domin a wajensa taku ne kamar kowane taku, yana da bugun farawa da bugun sauka. Ya kuma sha faɗa cewa na gasa ne da na dandamali. A tsakiyar fili inda jama'a suke rawa ba a wurga kowa.

Daga nan duniya ta buɗe masa. Herbert White, wanda ake kira Whitey, mai kula da tsaro a Savoy, ya tara gwanayen matasa ya yi ƙungiya, Frankie ne mai tsara musu rawa. A 1937 sun yi wasa a Faris da Landan, har a gaban Sarki George na 6. Sun je Ostareliya. A ƙarshen 1941 suka sauka Birazil don wasan makonni, sai Amurka ta shiga yaƙin duniya, suka maƙale a can wata da watanni. Ya dawo aka ɗauke shi soja, aka tura shi yankin tekun Pasifik. Bayan yaƙi ya kafa tasa ƙungiyar, Congaroos, amma kiɗa ya riga ya canza. Manyan ƙungiyoyin makaɗa suna watsewa, sabon jaz na saurare ne a zaune, matasa sun koma wani sauti. A 1955 ya nemi aiki a gidan waya, a 1958 aka rufe Savoy, daga baya aka rushe ta aka gina gidaje.

Wannan ɓangaren rayuwarsa shi ya fi taɓa ni. Shekara 30 yana aikin wasiƙu. Mutumin da ya yi rawa a gaban sarkin Ingila yana tashi da safe ya tafi aiki kamar kowa, da yawa daga abokan aikinsa ba su san ko shi wane ne ba. A 1986 wasu matasa biyu daga Pasadena ta jihar Kalifoniya, Erin Stevens da Steven Mitchell, waɗanda su ma tsofaffin finafinai suka rikita, suka nemo lambarsa. Da aka tambaye shi a waya ko shi ne Frankie Manning mai rawa, amsar da ya bayar ita ce shi ma'aikacin gidan waya ne, ya daina rawa. Sai da suka nace ya yarda ya gan su. Kafin nan, a 1984, wasu 'yan Suwidin, cikinsu har da Lennart Westerlund, sun je Niyok sun samo Al Minns sun kai shi Stockholm ya koyar, ya rasu a 1985. Ta hannun waɗannan mutane da wasu a Landan da Niyok ne rawar ta sake bazuwa. Frankie ya fara sabuwar rayuwa yana da shekara 72. A 1989 ya samu kyautar Tony, ta wasannin dandamali a Amurka, tare da wasu gwanaye uku saboda tsara rawa, a 2000 hukumar fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girmamawa ta masu riƙe da al'adun gargajiya.

Akwai abin da nake so in gyara a yadda ake yawan ba da wannan labari. Za ka ji ana cewa rawar ta mutu, sai Turawa suka tono ta. Ban yarda da wannan ba. Mutanen Harlem ba su daina ba. Mama Lu Parks, wadda ta yi aiki a Savoy, ta ci gaba da horar da matasa baƙaƙe bayan an rufe zauren, ƙungiyarta tana yawon wasa shekaru da dama. Norma Miller ba ta taɓa barin dandamali ba, ta rayu har 2019, ta rasu tana da shekara 99. Waɗanda suka zo nema sun yi aikin kirki, na kuma ci moriyarsa, amma sun tarar da wuta ce da masu ita suke ta hurawa. Idan kuka fito da wannan rawa a gaban jama'a, ku faɗi daga inda ta fito da sunayen masu ita, musamman matan. Wadda ake wurgawa ita take ɗaukar kasada mafi girma, ita ce kuma aka fi saurin mantawa da sunanta.

Gaisuwarmu ta zo ne a rana ta biyar. Bayan darasi yana zaune a kujera a gefen fili, mutane sun yi layi, wannan na son hoto, wannan na son sa hannu. Na lura ba ya sallamar kowa da sauri, kowa sai ya dube shi a ido. Da layi ya zo kaina sai jikina ya yi abin da aka koya masa a gida: na durƙusa, na kama hannunsa da hannu biyu. Ya yi wannan dariya tasa mai cika ɗaki, ya riƙe hannuna bai saki ba har na miƙe. Hannu ne babba, mai taushi, marar nauyi, irin riƙon da na ga yana yi wa abokan rawarsa duk makon. Takardar tambayoyina tana aljihu, ban fito da ita ba, domin ba sauran wadda ba a amsa mini ba. Na gaya masa daga inda na fito, na yi masa godiya, na ba na bayana wuri. Duka bai fi minti biyu ba. Da dare ya fito gaba ya ja mu rawar Shim Sham, wadda ake yi a jere ba tare da aboki ba, ɗaruruwan mutane a bayansa, yana kiran a tsaya kowa ya daskare, ya kira a ci gaba fili ya sake motsi. Bayan wannan mako ban sake ganinsa ba. Ya rasu ranar 27 ga Afrilu 2009, saura wata guda ya cika 95, bikin da aka shirya masa a Niyok ya koma taron tunawa da shi. Ranar haihuwarsa, 26 ga Mayu, ita masu wannan rawa suka ɗauka ranar Lindi ta duniya.

To, ga ta inda za ku fara. Kafin ƙafa, kunne. Ku nemo kiɗan Count Basie da Chick Webb da Jimmie Lunceford da Ella Fitzgerald, ku yi makonni kuna ji, kuna tafi a kan bugu na biyu da na huɗu. Za ku ga yawancin waƙoƙin a jere suke, bugu takwas sau huɗu ya ba da gaɓa ɗaya, sai makaɗa su juya. Ranar da kuka fara jin juyin yana zuwa kafin ya zo, kun kama hanya. Kada ku fara da saurin bidiyon nan, wanda yake kusan bugu 300 a minti. Ku nemi waƙoƙi masu bugu 120 zuwa 150. Gwiwa a sake, nauyi a gaban tafin ƙafa, jiki yana ɗan lotsawa ƙasa a kowane bugu. Lotsawar ƙasa take yi, kada ta koma tsalle.

Sai Shim Sham da sauran takun da mutum yake yi shi kaɗai, irin su Charleston. Akwai bidiyon Frankie da kansa yana koyar da Shim Sham a intanet, ku bi nasa. Bayan nan ku shiga bugu takwas ɗin: ɗaya, biyu, uku-da-huɗu, biyar, shida, bakwai-da-takwas. Ku yi shi har ya gundure ku, ku ci gaba har ya daina gundurar ku. Ni na ba shi wata shida kafin a yi maganar sama, kuma ban ga na yi tsanani ba.

Na san akwai abin da ba ka rubuta ba amma yana ranka, wato riƙe hannu tsakanin namiji da mace, da abin da iyaye da jama'ar gari za su ce. Kada wannan ya tsayar da ku, kada kuma ya sa ku saɓa wa gida. A wannan rawa akwai mai ja akwai mai bi, kuma ba dole mai bi ya zama mace ba. Al Minns da Leon James, dukansu gwanayen Savoy, sun yi shekaru suna nuna rawar su biyu, ɗaya na ja ɗaya na bi, bidiyonsu yana nan. Maza su yi da maza, mata da mata. Kowa ma ya koyi ɓangarorin biyu, don wanda ya taɓa zama mai bi ba ya fizgar hannun kowa.

Idan lokacin takun sama ya yi, ga abin da ba na sassautawa a kansa. Mutum biyu da suka saba da juna, waɗanda dukansu suka ce sun yarda, kuma kowannensu yana da ikon cewa yau ba zan yi ba. Katifa mai kauri a ƙasa. Mutum na uku, mai ƙarfi, a tsaye kusa, aikinsa kawai ya kare kai da wuyan mai tashi. Taku ɗaya a lokaci ɗaya, a rarraba shi gunduwa-gunduwa, a fara koyon sauka kafin tashi. Ba a yi da gajiya, ba a yi a ƙarshen gwaji lokacin da ƙafafu suka mutu. Ka kuma sani ƙarfin hannu ba shi ne yake ɗaga mutum ba. Mai tashi shi yake tsallensa da ƙafarsa, na ƙasa yana ba shi madogara ne da hanya, su biyun su lotsa tare su tashi tare a kan bugu ɗaya. Idan ka ji kana ɗaukar nauyi kamar buhu, lokacinku bai haɗu ba, ku tsaya ku koma baya. Abin da ya faru da ni a Landan ke nan, na riga ta da rabin bugu.

Ka ce a kan siminti kuke gwaji. Wannan ya dame ni fiye da komai a saƙonka, domin siminti yana cin gwiwa da idon sawu a hankali, ba za ku ji ba sai bayan shekaru. Idan akwai zaure mai daɓen katako a makaranta ko gidan al'adu kusa da ku, ku nemi izini. Idan babu, ku haɗa kuɗi kafinta ya jera muku falanki a kan katakai, ya ɗan ɗaga daga ƙasa yadda zai riƙa bayarwa idan an taka. Takalmi kuma mai santsin ƙasa kaɗan, wanda zai bari ƙafa ta juya ba tare da gwiwa ta murɗe ba. Idan kun yi wata guda, ka ɗauko mini bidiyon mutum biyu daga cikinku suna yin bugu takwas ɗin a kan waƙa mai sanyi, a ɗauka daga gefe yadda zan ga ƙafafu da hannaye, zan duba in gaya maka abin da za ku gyara. Ka gaida sauran 'yan ƙungiyar.